Yaron da Ya Ɗaga Kati Bai Sauke Ba

A Sharaɗa, bayan katangar masaƙa inda na tashi, babu gidan da ya damu da agogo. Jiniyar kamfani ce ke raba mana rana. Ta busa da safe a shiga, ta busa da yamma a fito, masu aikin dare su karɓa. Kwatar ƙofar gidanmu kuwa ita ke ba mu labarin abin da ake yi a ciki. In ta wayi gari shuɗiya, mun san Baba zai dawo da shuɗin hannu, in ja ce, ja. A sashen rini yake aiki, kuma ban taɓa ganin ainihin kalar farcensa ba sai bayan da ya daina zuwa.

Shi ya sayo mana wani faifai, a hannun mai tallar sidi a ƙofar kamfani. Katun ne na Japan da aka juya da Turanci, na wasu samari masu gashi tsaye cirko-cirko. Mutum zai kwanta a doguwar kujera, a kifa masa hular ƙarfe mai wayoyi, sai jikinsa ya saki a ɗaki, shi kuma ya farka a wani birni da ke cikin na'ura. A can ba a faɗa da hannu. Kati ake zarowa a buga, dodo ya fito daga cikinsa ya kara da dodon abokin gaba. Wanda aka cinye a babban wasa ba ya sake farkawa a wannan duniyar. Jarumin ya shiga ne don ya fito da yayansa da aka cinye.

Baba ne tafintanmu, ni da ƙanwata Hadiza. Turancin nasa dai na lallaɓawa ne. Mutum zai yi ta zuba a talabijin har ya gaji, Baba ya gyara murya ya ce, “Ya ce bai yarda ba.” Mu kuma mu gamsu. Matsalar ɗaya ce: faifan yana da tabo. Daidai inda jarumin ya rage da kati ɗaya, ya ɗaga shi sama, sai hoton ya daskare. Mun goge shi da yawu, da gefen riga, har da man goge baki, amma kullum a nan yake cijewa. Baba ya ce zai mayar a canzo mana. Ya sha sa shi a aljihun rigar aiki, ya manta, ya dawo da shi.

Ina aji huɗu na firamare aka tura Baba ramin da ruwan rini ke taruwa, ya buɗe wani bututu da ya toshe. Iskar da ke ƙasan ramin ta bugar da shi, da igiya aka jawo shi. Ya jima a asibiti, sannan aka dawo mana da shi a bayan a-kori-kura. Idonsa a buɗe. In an ba shi kunu ya haɗiye, in an zaunar da shi ya zauna. Magana ce babu, kuma ba ya bin kowa da kallo. Har yau in an tambaye ni yadda na ji, ba ni da amsa mai kyau, don ban ji komai ba. Abin da na tuna ya dame ni shi ne an shimfiɗa masa katifa a ɗakin da talabijin take.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ta taho daga ƙauyenmu na wajen Jahun da ƙullin kayanta a ka. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. “Wancan” take ce masa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi, ba ta yi kuka ba, ta juya ta tambayi Umma inda murhu yake. Washegari wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta durƙusa ta ce, “Malam Garba, ya jiki?” Iya ta tare ta tun daga tsakar gida.

“Ba a ce masa ya jiki a gidan nan. Me ya samu jikinsa? Aiki ya tafi, bai taso ba tukuna. Sannu da aiki za ki ce.”

Matar ta dubi Umma, Umma ta sunkuyar da kai. Daga ranar ta zama doka. Safe da yamma, babba da yaro, duk wanda ya shiga ɗakin sai ya ce, “Sannu da aiki.”

Iya ba ta iya zaman banza. Ta kafa murhu a ƙofar gida tana dafa rogo da gyaɗa, ma'aikata suna saya in sun taso. Makamashinta karyayyun katakai ne da kwalayen naɗin zare da kamfani ke zubarwa, masu ci da koren harshe da wani irin wari da har yau in na ji shi sai yunwa ta kama ni. Da jiniyar yamma ta busa, sai ta ɗora ruwan wankan Baba a gefen wuta, ta tura ni bakin layi in tsaya har keken ƙarshe ya wuce. In na dawo, takan ce, “Sun ƙara masa lokaci ke nan.” Ruwan ba ya asara, Umma ce ke yi masa wanka da shi. Bayan magariba, in masu saye sun tsagaita, sai mu zauna mu uku a bakin wutar, ni da Iya da Hadiza.

Iya ta taɓa ganin katun ɗin sau ɗaya, daga bakin ƙofa, tana ta mita. “Yara ƙanana da karta? Ina iyayensu?” Amma ba ta matsa ba sai da hoton ya daskare. Don haka wata rana da aka ɗauke wuta, Hadiza ta ce, “Iya, ke kin san ƙarshensa?”

“Na sani mana. Ai a gabana aka yi.” Ta tura itace cikin murhu. “To ga ta nan, wadda faifai ya kasa kaiwa.”

Muka ce, “Ta ƙaraso mu ji.”

A bakin Iya, sunan yaron Tsintsiya, saboda gashinsa. Na ce mata yayansa ya je nema, ta ce, “Ubansa ne. Kai da ba ka jin Turanci, angon banza, za ka gyara mini?” Birnin kuwa a ƙarƙashin injina yake, kuma mai shi wani ne da ba a ganin fuskarsa, sai dai a ji muryarsa ta lasifika. Karta ce fa Iya ta ƙi yarda da ita sam, don ba za ta ba jikokinta labarin ɗan caca ba. Kati biyu ta sani masu mutunci a duniya, na asibiti da na shiga aiki, irin wanda Baba ke ratayawa a wuya. Saboda haka katunan Tsintsiya duk na ma'aikata ne, na mutanen da birnin ya haɗiye. In ya buga katin wani, sana'ar mutumin ce ke fitowa ta yi masa faɗa.

Ya buga katin majemi daga Challawa, wata ƙatuwar fatar sa ta miƙe tsaye, warinta kaɗai ya sa dodon lasifika ya juya da gudu yana amai. Ya buga na mai gadi daga Bompai, wani Buzu ya fito da butar shayi, ya ce wa dodon ba ya wucewa sai ya nuna takarda. Ya buga na mai takalmin roba, silifa suka yi ta zubowa daga sama, duk na ƙafar hagu. Hadiza takan yi dariya har ta kwanta a cinyarta. Ni ma nakan yi, amma kamar daga ɗaki na gaba nake jin tawa dariyar.

In ta zo kan uban Tsintsiya, muryarta takan canza. Ta ce mutum ne dogo, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa da ƙarfi. Ta ce ranar da aka haife shi ruwan farko ya sauka, kuma tun yana yaro in aka ba shi ƙosai sai ya ɓoye ɗaya a aljihu ya kai wa uwarsa, man ya ɓata masa riga. Na ce, “Iya, a katun ɗin ba a nuna wannan ba.” Ta ce, “A wurin da tabon yake ne.”

Dokokin birnin biyu ne. Ba mai fita sai an busa jiniya. Sannan kurwar wanda ke ciki hanya ɗaya ta sani, daga ƙofar kamfani zuwa shimfiɗarsa, don haka mutanen gida ba sa gusar da shi. Kullum Tsintsiya yakan buga katunansa har ya rage na ubansa kaɗai, ya ɗaga shi sama. Sauran tatsuniyoyinta Iya takan datse su da kan ɓera yadda aka saba, amma wannan sai ta karkaɗe zane ta ce, “Mu bar shi a nan, hannunsa a sama. Ba a busa tasa ba tukuna.”

Ƙanin Baba, Baffa Sale, shi ne bai ga abin dariya ba. Yakan zo daga ƙauye, ya zauna a kan turmi, ya ce, “Iya, ku yi haƙuri mu kai shi gida. Matarsa ita kaɗai ke ɗaga shi, ku dubi yadda ta rame. Can akwai mu, akwai iska mai kyau.”

“In kun kai shi Jahun, ya taso ya zo nan bai tarar da kansa ba fa? Wa zai nuna masa tasha?”

“Iya, wannan ai ba magana ba ce. Likita ya ce...”

“Likita ne ya haife shi?”

Baffa yana da gaskiya, kuma ina jin Umma ta san haka. Amma ba ta taɓa goya masa baya ba. Ita ma da jiniya ta busa, takan gyara ɗankwali.

Damina biyu muka yi a haka. A lokacin kamfanoni suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wuta babu, atamfar waje ta cika kasuwa. Wata yamma Iya ta ɗora ruwa, ta zauna tana jira. Rana ta faɗi, aka kira magariba, shiru. Sai ga Malam Idi, abokin aikin Baba, yana tura kekensa a ƙasa. Iya ta ce, “Yau ba su busa ba.”

“Ai an rufe, Iya. An sallame mu.”

“Duka?”

“Duka.”

“To na ciki fa?”

Malam Idi ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, “Babu kowa a ciki, Iya, sai masu gadi.”

Ta sauke ruwan daga wuta. Da Hadiza ta nemi Tsintsiya a wannan maraicen, Iya ta ce ta manta shi. Bayan kwana kaɗan ita da kanta ta aika a kira Baffa ya zo da mota. Da aka shigar da Baba, ta hau ta zauna a gefensa, ta ɗora kansa a cinyarta a gaban duk 'yan layi, ba ta ji kunyar kowa ba. Har direba ya tayar, ta leƙo ta kira maƙwabciyar nan. “In wani ya zo yana neman gidan, ki ce masa Jahun muka koma. A tashar 'Yankaba zai hau mota.”

Iya ta riga Baba rasuwa. Ni kuma na dawo Kano na zama mai gyaran waya, kuma wata rana ina zaune a shago na nemo katun ɗin na kalli ƙarshensa. Katin nan da ya ɗaga na wani farin dodo ne mai fiffike. Yaron ya ci wasan, kowa ya cire hularsa, suka rungumi juna. Shayin da na zuba bai ma huce ba aka gama. Na ajiye wayar na ci gaba da aikina.

Na daɗe ina ɗaukar cewa Iya rarrashinmu kawai take yi, ko kuma kanta take rarrashi. Ban san iyakar abin da ta yarda da shi ba, kuma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne, duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa shiga ɗakin Baba kamar masu zuwa kallon kaya ba. Mutum muke gaisarwa wanda yake kan aiki, kuma ba mu taɓa jin kunyar kawo abokanmu su gaishe shi ba. Ita kuma, da al'ada ta hana ta yabon ɗan farinta, ta samu inda za ta yabe shi kowace yamma a gaban 'ya'yansa.

Da Baba ya cika, ina da aure har da ɗiya. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, Baffa Sale ya ce in shiga in yi masa addu'a kafin a fito da shi. Na durƙusa ina jiran kukan da nake bin kaina tun ina aji huɗu, bai zo ba. Addu'o'in duk na san su, na kuma yi su daga baya. Amma abin da ya fara fita daga bakina, a gaban Baffa da liman, shi ne, “Sannu da aiki, Baba.”