Ranar da Baba Ya Saurari Injin Tururi

Shekarar da ciwon mantuwa ya ci ƙarfin Baba, ina Riyad ina jan motar wani dattijon Balarabe, kuma zama wuri ɗaya ya gagare ni. In na kwanta a ɗakinmu na unguwar Gubaira sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da ya tashe ni. Ƙanwata ce ke jinyarsa a Ƙauran Namoda. Duk Juma'a takan kara masa waya a kunne, in yi ta sallama, shi kuwa ko ya yi shiru ko ya ce a kashe rediyon nan. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba, so nake kawai ya gane muryata. Na roƙi izinin zuwa gida wajen maigidan nawa, don shi ne kafilina, ba na barin ƙasar sai da yardarsa. Kullum amsar ɗaya ce, gobe in Allah ya so. Goben tasa kuwa ba ta wayewa.

Wata ranar Asabar, ana tsakiyar zafin nan da ke sa sitiyari ya ƙona hannu, ya ce in kai shi wata gonar dabino bayan Dir'iyya da la'asar. Ashe taro suke yi duk shekara, shi da tsofaffi irinsa masu kuɗi da sauran lokaci. Kowa ya kawo tsohon ƙarfensa: injinan ban ruwa da iyayensu suka kafa a bakin rijiya, taraktocin da fenti ya bar jikinsu, har da wani injin niƙa mai tari kamar ya sha taba. Suka jera su, suka tayar, suka zauna a darduma da gahawa suna sauraren hayaniya. Haushi ya kama ni. Ni ina da tsohon da ke ƙarewa a gida, su kuma ga su suna lallashin ƙarfe.

Direbobi ba sa shiga irin wannan wuri. A mota muke jira, da sanyin na'ura. Ni dai na kasa. Na zagaya motar, na goge gilashin da ba datti, na dawo na sake zagayawa. Ina cikin haka wani usur mai kauri ya tashi daga cikin gonar, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ciki ba.

Injin tururi ne, mai gonar ya sayo daga Turai. Tayoyinsa na baya zallar ƙarfe ne, sun kere ni tsawo, ga dogon bututu yana aman hayaƙi. Wani ɗan Pakistan yana tura masa itace, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Da ya motsa, tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta wuce shi yake yi, amma ƙasa na rawa a ƙarƙashina. Kuma na san wannan numfashin. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana zuba wa jirgin ƙasa kwal, tun kafin a haife ni, muna yara yakan kwaikwaya mana kukan jirgin da baki muna yi masa dariya.

Na kira ƙanwata.

"Yaya, lafiya? Ai yau ba Juma'a ba ce."

"Kara masa kawai. Kada ki ce ni ne."

Na matsa har zafin tukunyar tururin ya dame ni, na miƙa wayar wajen injin. Tsofaffin suna kallona, wani ya yi dariya ya ce da Larabci direban wane ya samu taɓin rana. Ban kula ba. Da hannuna ya gaji na mai da wayar kunne.

"Wace tasha ke nan?" Muryar Baba ce, tar da ita, irin wadda na manta yana da ita.

"Nesa ce, Baba."

"Kaya ya yi masa yawa, ji yadda yake haki. Kai ne ke kan wuta?"

Na ce ni ne. Ya tambaye ni ko na ci abinci, ya ce aikin wuta ba a yin sa da yunwa, in riƙa ɗaura ƙyalle a wuya. Ya yi ta zuba, ni kuwa ina ta cewa to. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini, don hira yake yi da ni sosai, amma da wani yake yi.

Can ya ce, "Samari, tunda kuna zuwa nesa, ina da ɗa a ƙasar Makka, mota yake ja. In ka gan shi ka ce ina nemansa."

"Zan gaya masa, Baba."

Daga baya na ji maigidan yana ƙwala mini kira, wai in kawo mota. Izinin tafiyar bai fito ba sai bayan an yi wa Baba addu'ar bakwai.