Ƙwan da Ya Fara Ya Tsaya

Yau da safe na tarar da baragurbi a akurki, warinsa ya tuna mini da Gwaggo.

Ba ta jefar da ƙwan da kaza ta tashi ta bari. Da farko takan girgiza shi a kunne, sannan ta fasa, sannan ta binne.

Shekarar da aka yi fari, a Sundimina, matata ta sake yin ɓari. A makaranta an koya mini cewa ɗa yana farawa daga ƙwaya ɗaya, ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu takwas. Na ce aiki mai tsari haka ba ya tsayawa sai da mai laifi. Na ƙudura zan sake ta.

Gwaggo ta kira ni bayan rumbu, ta fasa ƙwai a kasko. Ga jajayen jijiyoyi kamar zare, ga wari.

"Ɗan boko, duba. Ya fara, ya tsaya. Kazar ta kwanta masa kamar sauran. In yanka ta?"

Ban saki matata ba. Ba mu taɓa haihuwa ba har ta rasu.

Allah ya sanyaya kabarin Gwaggo, ya haɗa matata da 'ya'yanta da suka fara suka tsaya.