Ranar da Na Mayar da Yaya Idi Jiratawa

Zariya, da asuba

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gidana a unguwar Zariya cikin garin Maraɗi, ni da Yaya Idi, wata ranar Lahadi. Kayansa jaka ɗaya ce, riguna da magani. Ga wanda bai sani ba, yayana manomin rani ne a Jiratawa. Bara taɓin hankali ya same shi, ya kwanta asibiti a Maraɗi, da aka sallame shi kuma ya zauna wurina wata da watanni. Likita ya ce ya samu lafiya, ya riƙe magani, ya koma aikinsa. Shi kuwa a bakin ƙofa ya kafa mini sharaɗi.

"Rabi, zan je. Amma in na ga kallon mahaukaci ake yi mini, ƙafarki ƙafata mu dawo. Gara in ƙare a zaurenki."

Na ce to. Mutumin da ya saba wuni cikin garka yana ban ruwa, a ce ya ƙare yana korar kaji a zaurena? Ban so masa haka ba ko kaɗan.

Babura biyu na kabu-kabu suka kai mu tasha, dala hamsin-hamsin. Muka sami motar Tibiri saura mutum biyu. Direba ya ce, "Hajiya, matsa ciki, ba ke kaɗai kika biya ba." Yaya kuwa aka cusa shi gaba tare da wani mai zabi biyu a hannu. A shingen fita gari jandarma ya karɓi katin shaidar kowa, ya duba, ya miƙo, muka wuce.

Tibiri

Rana na ɗagowa muka sauka. Mun fara ta nan ne don Gwaggo Saratu, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ta rage mana cikin manya. Ita da 'ya'yanta Kirista ne, shi ya sa muka yi sammako mu riske su kafin su tafi majami'a. Ta rungume Yaya tana hawaye, ta sa aka kawo kunu da ƙosai mai zafi.

Ɗanta Bulus na zaune a tabarma yana fere kabewa. Taubashinmu ne, kuma tun tasowarsu shi da Yaya ba su taɓa gaisuwar arziki ba, daga "bawana" sai "raggon banza". Yau yana ganinmu ya tura wuƙar ƙarƙashin tabarma, ya miƙe, ya ba da hannu biyu.

"Sannu Yaya Idi. Yaya jiki? Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

Yaya ya gwada shi. "Kai bawa, ina kuɗin sharata na bana?"

A da, wannan magana sai a kai azahar ana ja-in-ja a kanta. Bulus sai ya sa hannu aljihu, ya zaro kuɗi jaka guda ya miƙa. Yaya ya dubi kuɗin, ya ajiye su a tabarma.

Raina ya ɓaci. Na ja Bulus bayan rumbu na ce, "Kai, wa ya ce maka cizo yake yi?"

"Allah ya sani, Rabi, tsoro nake kar in faɗi abin da zai tayar mishi da ciwon."

Ba mugunta ba ce, na sani, amma an riga an yi ɓarnar. A motar dawowa, da muka hango Maraɗi, Yaya ya ce, "Kin ga wuƙar?" Na ce na gani.

Maraɗi, da hantsi

Muna sauka ya nuna hanyar Zariya ya ce mu wuce gida. Na ce, "Yaya, alkawarin Jiratawa muka yi, ba na Tibiri ba." Na tare adaidaita kafin ya buɗe baki. Mai adaidaita ya ce jaka ɗaya da rabi, na ce ko Makka zai kai mu? Muka daidaita a jaka.

Jiratawa

Kafin azahar muka shiga gari. Matarsa Lami ta share gida fes, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, an gargaɗi yara kar wanda ya yi tari. Maƙwabta suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da muryar zaman makoki. Yaya ya ci loma biyu na dambun zogale, ya ce zai leƙa garkarsa sau ɗaya, sannan mu koma Maraɗi. Jakarsa ma bai yarda an shigar ɗaki ba, a kafaɗa ya rataya ta.

Na bi shi. Garkar ta sha wuya, tattasai duk ya yi yaushi, ga ruwa na gudu a magudana ta gefenta zuwa garkar maƙwabci. Can ruwa rabo ne, kowa da ranarsa. Yaya ya tsaya ya duba, ya ajiye jaka, ya ɗauki wata fartanya da aka jingine, ya fasa bakin magudanar ya karkato ruwan cikin tattasansa.

Sai muka ji ihu daga cikin albasa. Baba Nomau ne, maƙwabcin nasa, tsoho mai baƙin faɗa, ya taho wando a naɗe.

"Kai Idi! Ɓarawon ruwa! Daga dawowa sai sata? Yau ranata ce, don ubanka!"

Mutane suka sheƙo suna yi masa alama da hannu. Wani ya ce, "Haba Baba, ka san fa ba shi da lafiya."

"Wa? Wanga? Lafiyarshi lau! Tun yana yaro haka yake mini, kuma nan daidai yake fasawa. Toshe, ko in toshe da kai!"

Na dubi Yaya. Ashe shi ma ya naɗe hannun riga.

"Baba, shekara guda kana shan rabona, na ce maka kanzil? Tattasaina zai mutu ina kallo?"

"Rabonka ka bari ka tafi! Kuma jibi akwai yasar magudana. In ban gan ka da shebur ba, tara za ka biya kamar kowa."

"Sai in riga ka zuwa, tsoho!"

Suka yi ta yi har maƙogwaro ya bushe, aka rabu a kan tattasai zai sha kaɗan sannan a mayar da ruwa. Yaya na tsaye cikin taɓo har idon sawu, gumi na zuba. Ya waiwayo ya gan ni riƙe da jakarsa.

"Rabi, har yanzu kina nan? Kai wa Lami jakar nan, ki kama hanya kar yamma ta yi miki."

Gida

Ana kiran magariba na shiga gida ni kaɗai. Maigida na alwala, ya ce, "Ina Yaya?"

Na ce, "Na baro shi suna ɗaga murya da Baba Nomau a kan ruwa."

Ya saki buta. "Subhanallahi! Ciwon ne ya tashi?"

Na ce, "A'a, jibi ma yana da yasar magudana." Sai kuka ya ƙwace mini, na zauna kan turmi na yi mai isata.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Gwaggo da Lami, har da Bulus. Amma babbar godiyata ga Baba Nomau take, wanda tunda nake ban taɓa jin magana mai daɗi ta fito daga bakinsa ba. Allah ya ja kwanansa, ya bar mana shi da faɗansa.