Sista Martha, Mai Kai Gaisuwa da Raɗa

Da sassafe Sista Martha kan taso daga Kambarawa, jakarta a hammata. Da ta isa ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, sai ta tuɓe takalmin waje, ta zura silifas marasa ƙara. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Mai son sanin abin da asibiti zai rasa, ya tambayi Malam Sammani, tela a Ƙofar Ƙwaya.

A watan da sojoji suka miƙa mulki, tsohuwar ƙusa ta soki matarsa Mairo a ƙafa. Aka sa mata magani a gida, aka manta. Ana nan sai haƙoranta suka sarƙe, jiki ya sandare. Da aka kawo ta asibiti, likita ya ce tatanas ne, kuma haske ko ƙara kaɗan na iya tayar mata da jijjigar da za ta tsayar da numfashi.

To, mu kuwa ba mu san ciwo babu dubiya ba. Dangi suka cika baranda da kwanukan fura, Hajiya Rakiya, yayar Mairo, tana gaba. Ta leƙa ta rangaɗa sallama. Nan take Mairo ta gantsare, gado ya hau girgiza. Sai da aka yi mata allura ta lafa.

Sista Martha ta fito, ta ja ƙofar.

"Ke wacece da za ki hana ni ganin ƙanwata?" in ji Hajiya. "A ce ina garin nan ban gaishe ta ba? Mi zan ce ma mutane?"

Sista ta durƙusa. "Hajiya, ki gaishe ni a madadinta. Ni zan kai mata."

"Yau ga ikon Allah! Gaisuwa ta koma saƙon tasha?"

"Saƙon da ba ya ɓata a hanya, Hajiya."

Haka aka koma yi. Sista tana zama a benci ta amsa "ya mai jiki" ɗin kowa har ƙarshe, ba ta katse ko ɗaya, sannan ta shiga ta raɗa wa Mairo a kunne, suna bayan suna. Malam Sammani kaɗai ta bari ciki, da sharaɗin ya yi addu'arsa a zuci. Ranar rantsar da sabuwar gwamnati, gari ya ɗauki hon da kiɗa, Malam Sammani ya ga ta toshe gefen taga da zanenta, ta je ta lallashi maigadi ya kashe rediyonsa.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Jijjigar ta fara jinkiri. Yatsu suka saki. Aka cire robar hancin da ake ba ta abinci da ita, cokalin kunu ya shiga tsakanin haƙora. Wata rana da hantsi, Sista ta gama raɗa sunayen, sai leɓen Mairo ya motsa.

"Ki ce ma Yaya Rakiya... ina amsawa."

Malam Sammani ya kifa kai a gefen gado. Sista ta fita da saƙon. Hajiya ta rufe baki da mayafi, ta yi kukanta ba ƙara, don ita ma ta koya.

Ke ce kika tsare rai ba ki yanke zumunci ba, Martha 'yar kudancin Kaduna, Bakatsiniya da hali. Mun gode, Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya. Masu tasowa a aikin jinya, ga silifas ɗinta nan a bakin ƙofa. A samu mai sakawa.