Inda Dawar Baba Ta Gajarce

A kara nake aiki, nan Agege, kusa da mayanka. Aikina kwasar kashin shanu. Ana sauke shanun Arewa daga tirela, su yi abin da za su yi, mu kuma mu loda a baro mu zubar bayan katanga. Kai, ban taɓa ganin asara irin wannan ba! A garinmu da sai an ba hammata iska a kan tsibi ɗaya. Nan kuwa toshe hanci ake yi a wuce, oga yana daka mana tsawa mu kawar da shi.

Gonar Baba jigawa ce, yashi zalla. Tun ina yaro tsarinsa bai canza ba. Da rani a kai takin gida, kashin awaki da toka da sharar tsakar gida, a baza. Idan dawa ta kai gwiwa, sai a bi gindinta da takin zamani kaɗan-kaɗan. Yakan ce na gida ke riƙe ruwa, na buhu kuma in bai tarar da shi ba, ruwan sama ne zai wanke shi ya tafi. Ni ne mai kai takin a kan jaki. Bayan na taho Ikko jakin ya mutu, ƙannena kuma duk mata ne, suna gidajen mazajensu.

Bana da rani Baba ya kira ni.

"Za ka samu zuwa kai taki?"

Na gaji ranar, ƙafata duk kashi. Na ce, "Haba Baba! In baro aikina saboda shara? Zan turo maka na buhu, ya fi na bara yawa. Duniya ta wuce nan."

Ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Na tura buhunan kuwa, har ina yi wa abokan aiki fankama wai na hutar da tsoho.

Da kaka ta matso, maƙwabcin gonarmu ya turo mini bidiyo a waya. Ina zaune a kan baro na buɗe. Daga bakin hanya dawa ta fi mutum tsawo, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Har na fara murmushi. Yana ƙara shiga ciki sai ta fara gajarta, ganye ya koma rawaya, can ƙarshe kara siriri ko ƙugu bai kai ba. Rabin gona ke nan ko fiye, kuma ita ce abincin Baba da Inna har wata damina.

Na kira maƙwabcin a fusace, na ce ko an sayar da takin da na turo ne.

Ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Ko'ina babanka ya zuba shi daidai. Na gidan ne bai kai ba."

Ashe Baba a kwando ya riƙa ɗauka a ka, kullum da safe, da gwiwar nan tasa mai ciwo. Ya faro daga bakin hanya yana bazawa, har ranar da Inna ta ɓoye kwandon.

Kunya ta hana ni kiransa. Shi ya kira, yana yi mini godiyar buhuna. Na ce, "Baba, na ga gonar."

Ya ce, "Ka yi haƙuri, iya inda na iya kaiwa ke nan."