Ummul Khairi da Jelar Lambobi

Ummul Khairi 'yar unguwar Kara-Kara ce, ɗiyar wani tela da ya rantse sai ta yi lakkol, wato boko. Ta kuwa yi, har jami'a, ta karanci ƙididdiga, ta dawo Damagaram ta kama aiki a biro, wato ofis, na wata ƙungiyar manoma. Bayan kaka ake kawo mata abin da kowane ƙauye ya noma, gero da dawa da gyaɗa, a lissafin tan. Sai ta zuba a ordinater, wato kwamfuta, ta rubuta umarni a wata manhajar lissafi mai suna R, na'ura ta fitar da taƙaitaccen bayani: mafi ƙanƙanta, matsakaici, mafi yawa.

Shugaban ƙungiyar, Malam Idirisu, tsohon malamin lakkol ne mutumin Droum, kuma shi ke karanta takardar a gaban taro. Shekarar farko ta miƙa masa ita yadda na'ura ta fitar. Layuka sun karye sun gangaro ƙasa, kowace lamba tana jan doguwar jela a bayan waƙafi, inda babu bayani kuma wasu haruffa biyu ne zaune, NA. Dattijo ya nesanta takardar, ya matso da ita, ya karanta dawar Gaffati a layin Droum. Mutane suka fara gunaguni. Ya ce ɗakin ne ba haske. Ita dai ta gane idonsa ne ya soma gajiya, kuma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ta koma biro ta rubuta wa na'urar sabuwar ƙa'idar bugawa. Lissafin ciki ba ta taɓa shi ba, abin da zai hau takarda kawai ta gyara. Ta datse jelar nan kaf, ta matse faɗin jadawalin ya zauna a shafi guda, ta sa sunan kowane layi da Hausa, NA kuma ta koma "ba a kawo ba". Haruffan ta yi su manya-manya.

"Baba, na'urar ce ta sake hali," ta ce da ta kai masa.

Ya duba takardar, ya dube ta ta gefen ido. "To, Allah ya yi wa na'ura albarka, ɗiyata."

A taron da ya biyo baya karatu ya tafi sumul, murya a sake, har ya iso kan gyaɗar matan wani ƙauye na Gaffati. Ya ce sifili. Shugabarsu Aliya ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

"Sifili, Malam? Damina ta yanke mana, gaskiya ne, amma da yatsunmu muka tono ta!"

Nan take Ummul Khairi ta gane inda kuskuren yake. Gyaɗar ba ta kai rabin tan ba, datse jela kuma ya mayar da ita babu. Ta tashi ta durƙusa gaban matar.

"Inna, gyaɗarku tana ciki, ko ƙwaya ba ta ɓata ba. A bugawa ne na rage ta. Ki ba ni ɗan lokaci, zan gyara kafin a tashi."

Nan gefen taro ta buɗe ordinater a kan cinya, ta ƙara sharaɗi guda: duk abin da bai kai tan ɗaya ba, a nuna shi da kilo. Ta ruga biro ta sake bugowa. Malam Idirisu ya karanta da ƙarfi, har da maimaitawa, Aliya ta ce a ba ta tata takardar ta kai gida.

Yanzu ƙungiyoyi daga wajen Mirriah suna aiko mata a ba su ƙa'idar. Tana bayarwa, ba ta rowa. Sai dai kafin ta tura takan kira waya ta tambayi wanda zai karanta takardar, da shekarunsa, da kuma waɗanda za su zauna suna saurare.