Baba Danja da Inji na Huɗu

Kafin a buga ƙararrawar safe, Baba Danja ya riga ya shiga ɗan ɗakinsa na gilashi, ya goge tabarau da gefen riga, ya zuba wa fitilu shida ido. Kowace fitila inji guda ce. Injinan cika kwalba ne, kamarsu ɗaya sak, kuma duk kan bel ɗaya suke turo kaya. Shi ke kula da na'urar da ke ce wa wannan inji tafi, wancan dakata, don kada bel ya cunkushe. Daga nan ya samo sunan, don aikinsa kamar na danjar kan titi ne. Shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma wannan makon zai ajiye aiki.

Ba mai yawan magana ba ne, ko gaisuwarsa a taƙaice take. Amma ku tambayi Doguwa.

Doguwa ce ke kan inji na huɗu, ita kaɗai ke riƙe da 'ya'ya uku. Wata shekara aka sa wa na'urar sabon tsari, sai injinta ya kama tsayawa ba gaira ba dalili. Manaja ya ce tunda injinan iri ɗaya ne, biyar kuma lafiya lau, ai matsalar daga mai aikin take. Har ya rubuta takardar sallama.

Baba ya same shi a ofis.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

"Baba, inji ai ba ya son kai."

"Haka ne. Amma wanda ya tsara masa doka mutum ne."

Lokacin hutun rana ya sauya wayoyi biyu: ta inji na huɗu ya kai gurbin na biyu, ta na biyu ya dawo da ita na huɗu. Ana tayarwa, injin Doguwa ya yi ta gudu, na biyu ya soma cijewa. Ashe duk sanda bel ya cika, gurbi na huɗu kaɗai sabon tsarin ke tsayarwa. Baba ya gyara dokar, jira ya koma bi da bi. Manaja ya yaga takardar, bai iya haɗa ido da kowa ba.

Baba, kai ne ka ƙi yarda a ɗora wa baiwar Allah laifin na'ura. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka nemi yabo ba. Wallahi muna jin zafin tafiyarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu rubuta takardar sallama kuma, ku riƙa duba waya tukuna.

Jiya na leƙa ɗakin gilashin. Doguwa ce a kan kujerarsa, shi yana tsaye a bayanta yana koya mata aikin.

"Baba, fitila ta huɗu ta yi ja."

"Bar ta, 'yata," ya ce. "Layinta na jira ne ya zo."